Maimaitawa da Waƙa Wajen Koya wa Yara Harshe: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa malamai ke sa yara su yi ta nanata jimla ɗaya?

Domin baki ma sai ya saba. Yaron da ke koyon Hausa, misali, zai iya jin bambancin "kafa" da "ƙafa" a kunnensa, amma bakinsa ya ƙi fitar da ƙ ɗin sai bayan ya faɗa sau da yawa. Bayani ba ya gyara wannan.

To, waƙa kuma fa?

Kari da tafi suna ɗaure kalmomi wuri ɗaya, sai yaro ya riƙe jimla dunƙule, tare da hawa da saukar muryarta. Mai kunya ma yakan buɗe baki idan aji duka na rerawa. Sai dai a nan gizo ke saƙa: cikin amshin taro, wanda bai iya ba yana motsa leɓe ne kawai, malami kuma ya ɗauka an gane.

Wannan ba haddar aku ba ce?

Tana iya zama, kuma an taɓa gani. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta koya wa sojojinta harsuna ta hanyar saurare da maimaitawa, daga baya salon ya shiga makarantu a shekarun 1950 da 1960. Ya yi daidai da ra'ayin masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner, wanda ya ɗauki magana a matsayin ɗabi'ar da ake samu ta sabo. A 1959 masanin harshe Noam Chomsky ya soki wannan ra'ayi, hujjarsa kuwa ita ce yaro na ƙirƙiro jimlolin da bai taɓa ji ba. A ganina ya yi gaskiya, amma waɗanda suka watsar da maimaitawa gaba ɗaya sun wuce gona da iri.

Yaya za a yi ta da amfani?

Ma'ana ta riga baki. Malama ta ɗaga littafi, ta ce "Ina da littafi," aji ya amsa. Sai ta ajiye, ta ɗaga alli ba tare da ta ce uffan ba. Yanzu dole yaran su sauya kalma da kansu: "Ina da alli." Can sai ta nuna tafin hannunta ba komai, ta jira wanda zai ce "Ba ni da alli." Daga aji duka a koma layi ɗaya, daga layi a koma yaro guda, a ƙarshe biyu-biyu su tambayi juna abin da ke cikin jakarsu.

Sau nawa ya kamata a maimaita?

Kaɗan-kaɗan, a ranaku daban-daban. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus, masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba ta fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da wadda aka yi a zama ɗaya. Da zarar murya ta fara ja, idanu sun koma taga, a canza aiki, a dawo wa waƙar gobe.