Jirgin ɗaukar hoto da jiran tauraro: me ke cin batir?

Masu ɗaukar hoton biki a Kano da masu wasa da ƙaramin jirgi maras matuƙi sun sha yin waɗannan tambayoyi.

Me jirgin yake jira bayan an kunna shi?

So yake ya san inda yake. Taurarin ɗan'adam na GPS na Amurka, masu nuna wa na'ura inda take, suna can sama kimanin kilomita 20,200, kuma sai ya kama aƙalla huɗu kafin ya lissafa wurinsa. Kamawar kaɗai ba ta isa ba. Kowane tauraro sai ya turo masa bayanin hanyar da yake bi, saƙon kuma a hankali yake sauka, wajen daƙiƙa 30. Idan wani abu ya tare shi a tsakiya, sai an jira zagaye na gaba. Jiragen yanzu sukan haɗa da taurarin Galileo na Turai, GLONASS na Rasha ko BeiDou na China.

To me ya sa tashi na biyu ba ya daɗewa?

Bayanin da ya ajiye yana aiki har wajen awa 4. Jirgin da ya kwana cikin jaka kuwa sai ya sake ɗauko sabo.

Hazon hunturu ne ke hana shi?

A'a, sigina tana ratsa hazo da gajimare. Gini ne matsala. Ka kunna shi a lungun cikin gari, katanga dama da hagu, rufin kwano na mayar da sigina, ka ga lambar taurari ta tsaya cak. Fito fili kawai.

Jiran yana cinye batir?

Nan mutane ke yi wa kansu asara. Na'urar GPS abin da take sha bai taka kara ya karya ba, farfela ce mai cin wuta. Mai gaggawa, amarya ta fito ana ta guɗa, sai ya ɗaga jirgi ya bar shi yana lilo a sama wai ya kama tauraro a can. Ga batir na tafiya, ga jirgin bai rubuta inda ya tashi ba, idan siginar rimot ta yanke bai san inda zai dawo ba. Bar shi a ƙasa, farfela a kashe, har ya nuna ya ajiye wurin tashi. Sai dai a zafin Afrilu kada ka shanya shi a rana yana kunne, wasu ƙananan ba su da fankar sanyaya su a ciki.

Ya kama taurari da yawa amma ya ƙi tashi fa?

Duba taswirar manhajar da kake sarrafa jirgin da ita. Filin jirgin Malam Aminu Kano dab yake da Sabon Gari da Fagge, kuma kewayen filin jirgi an hana tashi.