Waiwaye: Yadda yashi ke barin wata gaɓa ya taru a wata a bakin kogi

Inda kogi ya faɗa teku, yashi ba ya zama wuri guda. Kogi yana gangaro da shi daga tudu, igiyar ruwa kuma tana kwasarsa ta bi gaɓa da shi. Igiyar ba ta zuwa kai tsaye, a karkace take dukan gaɓa, ta tura ƙwayar yashi sama ta gefe, ruwan da ke komawa ya ja ta ƙasa a miƙe. Hakan na maimaituwa sau dubbai a rana, sai ka ga yashi yana tafiya gefe guda kamar ayari. A gaɓar Tekun Gini, daga Ghana zuwa Legas, igiyar tana fitowa daga kudu maso yamma, saboda haka yashi gabas yake nufa, kuma abin da ke wucewa a shekara yakan kai ɗaruruwan dubban kubik mita, a wasu wuraren har kusan miliyan.

A bakin kogi ne ayarin nan ke cin karo da ruwan daɗi. Gudun kogi yana raguwa, yashi mai nauyi ya kwanta ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa, laka kuma ta dunƙule idan ta haɗu da gishiri ta zauna a ciki. Da damina ambaliya ta share tudun, da rani igiya ta sake gina shi. Tun fil'azal haka lamarin yake tafiya, bakin kogi yana matsawa yana dawowa, gaɓa tana ramewa tana murmurewa. Matsala ta soma ne lokacin da jiragen ruwa suka yi girman da tudun yashin nan ke hana su shiga.

Legas ce misalin da ya fi fitowa fili. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun dutse da suka kutsa cikin teku a mashigar tashar jiragen ruwa, don hanya ta zauna a buɗe. Hanyar ta buɗe kuwa. Sai dai katangar yamma ta tare yashin da ke tahowa, gaɓar Lighthouse ta yi ta faɗi, ita kuwa gaɓar Victoria, wadda aka fi sani da Bar Beach, ta rasa abin da ke ciyar da ita. Igiya ba ta daina kwasa ba, kawo sabo ne aka daina. Gaɓar ta ja da baya fiye da kilomita guda kusa da katangar gabas. Daga 1958 aka riƙa zuba mata yashi lokaci-lokaci, teku yana kwashewa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Aikin Eko Atlantic, na gina sabon birni a kan ƙasar da aka ƙwato daga teku, da aka fara a 2008 ya cike wurin, ya kare shi da katangar duwatsu da tubalan kankare masu tan 5 kowanne. Amma mazauna gaɓar da ke gabas, irin su Okun Alfa, har yanzu suna kukan teku na cin ƙasarsu. Abin da ya faru a Legas ya maimaitu a Lome da Kwatano bayan gina tashoshinsu a shekarun 1960: tarin yashi a yamma, zaizaya a gabas.

Matsala ta biyu ta zo daga can saman kogi. Madatsar ruwa tana riƙe ruwa, amma tana riƙe yashi ma, domin da zarar ruwa ya tsaya, duk abin da ya ɗauko sai ya kwanta a ƙasan tafki. An kammala madatsar Akosombo a kan Kogin Volta na Ghana a 1965. Garin Keta, da ke gabas da bakin kogin, dama yana fama da zaizaya tun farkon ƙarnin, amma rashin yashin Volta ya ƙara wa Borno dawaki. Ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmark suka gina a 1784, teku ya cinye babban sashenta. Katangun tare yashi shida, masu miƙewa daga gaɓa zuwa cikin teku, da aka kammala a 2004 sun ceci Keta, zaizayar ta koma ƙauyukan da ke gaba, wajen Blekusu. A Masar ma, bayan babbar madatsar Aswan da aka gama a 1970, hancin ƙasar da ke Rashid, a bakin Kogin Nilu, ya riƙa ja da baya da fiye da mita 100 a shekara kafin a yi masa katanga.

Darasin da ya fi ɗaci shi ne na Saint-Louis a Senegal. Wani siririn zirin yashi, Langue de Barbarie, shi ya raba Kogin Senegal da teku, bakin kogin kuma yana can kudu da birnin. A Oktoban 2003 ambaliya ta yi barazanar shanye birnin, hukumomi suka yanka zirin da wata 'yar magudana mai faɗin mita 4, kimanin kilomita 7 kudu da gari. Ruwa ya sauka, birni ya tsira. Amma cikin 'yan makonni magudanar ta kai ɗaruruwan mita, daga baya ta zama kilomitoci, tsohon bakin kogin kuma yashi ya toshe shi. Ƙauyen Doun Baba Dieye ya nutse, gishiri ya shiga gonakin lambu na Gandiol, masunta da dama suka rasa rayukansu a tudun yashin da ke sabuwar mashigar. An yi gyaran gangar auzinawa ne, domin ba a lissafa abin da igiya za ta yi da ƙofar da aka buɗe mata ba.

Lissafin nan ba abu ne mai wuya ba, haƙuri yake so. Ana kafa alamun kankare a bayan gaɓa, inda ruwa ba ya kaiwa. Daga kowace alama a ja layi zuwa ruwa lokacin da teku ya janye, ana auna tsayin ƙasa kowane 'yan mitoci. A maimaita duk wata, aƙalla shekara biyu, a haɗa da tsofaffin taswirori da hotunan tauraron ɗan'adam. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta awon lokacin manyan igiyoyi da na lokacin da teku ya lafa. Gaɓa takan tura yashinta cikin ruwa ta dawo da shi, wannan ba zaizaya ba ce. Awon kowane wata da na ɗan'uwansa na bara ake kwatantawa.

Magungunan ma kowanne da inda yake ɓaci. Katangun tare yashi akan bar tazarar ninki biyu zuwa uku na tsawonsu a tsakaninsu, kuma idan ba a cika tsakanin da yashi tun farko ba, daga rabon maƙwabta za su cika kansu. Katangar da aka miƙe a gaban gari tana mayar da ƙarfin igiya ƙasa, ya yi ta rarake gindinta har ta rufta. Yashin ciko kuwa dole ƙwayarsa ta kai ta asalin gaɓar girma ko ta fi. Mai laushi damina ɗaya ta ishe shi. Sannan yashin da aka yaso daga hanyar jirage, idan aka kai shi tsakiyar teku aka zubar, an fitar da shi daga ayarin ke nan har abada. A ganinmu wannan ce asarar da ta fi sauƙin kaucewa, kuma ita aka fi yi.

Bakin Kogin Tweed a Ostareliya ya nuna wata hanya. Tsawaita katangunsa a farkon shekarun 1960 ya bar gaɓoɓin da ke arewa, irin su Kirra, da yunwar yashi. Daga 2001 aka kafa wata gada mai tsawon mita 450 a kudu da bakin kogin, ɗauke da famfunan da ke zuƙo yashi haɗe da ruwa, bututu ya bi ta ƙarƙashin kogin ya fesar da shi a ɗaya gefen. Abin da ake nufin wucewa da shi kusan kubik mita 500,000 ne a shekara, daidai da abin da igiya ke kawowa. A shekarun farko an zuba fiye da hakan don biyan bashin baya, har Kirra ta cika ta batse, yashi ya binne duwatsun da kifaye ke fakewa, dole aka rage adadin aka kuma sauya wuraren zubarwa.