Kati a hannunta, amma wa zai karanta mata?

Jama'a salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, kuma wallahi wata baiwar Allah ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ta kawo min yaronta ɗan wata goma sha ɗaya ba a mishi allurar ƙyanda ba, alhali a wata 9 ake yinta. Nace Maman yaro ina katin? Ta kwance bakin zani ta fito dashi a leda, tsaf dashi ko lanƙwasa babu, ga ranar dawowa nan da hannuna na rubuta mata. Sai tace "Malama ai ni baƙaƙe kawai nake gani, mai karanta min ya tafi ci-rani." Kunya ta kamani, dan har na buɗe baki zan fara faɗa.

Kullum haka muke fama. Maganin zazzaɓin cizon sauro safe da yamma ne kwana 3, sai mun zana rana da wata a jikin leda. Gishirin ORS na masu gudawa ƙulli ɗaya a ruwa lita 1, wata ta zuba a kofin shayi. Ga maganin da kwanansa ya wuce ana ta ɗura ma yaro, an rubuta a jikin kwalba amma ba mai gani. Abokan aikinmu malaman gona ma kukansu kenan akan maganin feshi.

Kuma fa karatun manya ba baƙon abu bane a wajenmu. Kakanninmu sun yi ajin Yaƙi da Jahilci tun shekarun 1950, a Kano kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980. Hukumomin suna nan har yau, sai dai in zamu zauna jiran su kawo mana alli, toh sai yaran nan sun yi jikoki.

Mu a unguwarmu sau biyu muka gwada buɗe ajin manya. Na farko taron ƙaddamar da gidauniya akayi, aka kafa rumfa aka ɗauko hayar kujeru da lasifika, manya suka zo kowa ya kama makirfo ya yi alƙawari aka tafa, wata uku aji ya mutu saboda rabin alƙawarin ko ƙeyarsa bamu gani ba, abinda aka tara a ranar kuma mai rumfa da mai lemo suka cinye. Na biyun shiru akayi shi. Karo-karo kawai, gida naira 200 duk Juma'a, wanda bai da shi ba a tsareshi. Mai unguwa ya bada zaure, kafinta ya haɗa allo, mai injin niƙa ya ɗauki nauyin alli, matan adashi suka ware kwasa ɗaya aka sayi littafin rubutu da fensir. 'Yan mata biyu masu takardar malanta ta NCE da ke zaune ba aiki su ke koyar da mata bayan la'asar, wani ɗan bautar ƙasa kuma yana ɗaukar yara masu talla da maza bayan isha'i.

Abu biyu nake roƙo a kiyaye. Ɗan sa kai shima mutum ne, a dinga bashi kuɗin sabulu da na mota ko yaya ne, "Allah ya saka" kaɗai baya riƙe malami wata shida. Sannan lissafi a fili, mu duk ƙarshen wata ake karantashi a ƙofar masallaci, me ya shigo me ya fita, har na ashana. Ranar da aka fara ƙus-ƙus akan kuɗi ranar aji ya fara mutuwa.

Dan Allah kuma a daina ce ma waɗanda basu iya karatun boko ba jahilai. Da yawansu sun sauke Alƙur'ani, wasu suna rubuta ajami tsaf, boko ne kawai basu samu ba, kuma irinsu basa daɗewa suke kamawa. Dattijuwa in ka kunyatata sau ɗaya bazata sake takowa ba.

Maman yaron nan yanzu tana zuwa aji, goyo a baya. Bata iya haɗa jimla ba tukunna amma lamba da watanni sun zauna, ita da kanta ta nuna min ranar allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15 a kati tace "wannan ce ko Malama?"

Yanzu tabarma biyu muke nema da fitila mai caji saboda ajin dare, da mutum ɗaya da zai iya bada awa biyu ranar Asabar ya koyar da lissafi. Mai hali ya samu mai unguwa ko ya tareni a asibiti ranar awo.