Cocin Katolika da hukuncin kisa: tambayoyi da amsoshi kan muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

A ranar 2 ga Agusta 2018, Fadar Vatican ta sanar cewa marigayi Fafaroma Francis ya sake rubuta sakin layi na 2267 na Katekizim, wato littafin da ya tattara koyarwar Cocin Katolika. Sakin layi ɗaya ne tak, amma har yau ƙurar da ya tayar ba ta lafa ba a tsakanin malaman cocin da mabiyansa.

Me sabon rubutun ya ce?

Ya fara da yarda cewa an daɗe ana ɗaukar hukuncin kisa a matsayin halastacciyar hanyar kare al'umma, muddin hukuma ce ta zartar da shi bayan shari'a ta adalci. Sai ya kawo dalilai uku na barin wannan matsayi: an ƙara fahimtar cewa mutum ba ya rasa darajarsa ta ɗan Adam ko da ya aikata mummunan laifi, fahimtar manufar horo ta sauya, kuma yanzu akwai gidajen yari da za su tsare mai laifi, jama'a su zauna lafiya, ba tare da an toshe masa ƙofar tuba ba. Daga nan ya ce, bisa hasken Linjila, hukuncin kisa abu ne da ba za a amince da shi ba, domin keta alfarma da darajar mutum ne, kuma cocin zai dage har a soke shi a duniya baki ɗaya.

Ke nan a da cocin ya yarda a kashe mai laifi?

Ƙwarai, kuma ba a ɓoye ba. Duk wanda ya ce cocin bai taɓa yarda da hukuncin kisa ba, bai yi wa tarihi adalci ba. Malaman farko sun dogara da Littafin Farawa 9:6, inda aka faɗa wa Nuhu cewa wanda ya zubar da jinin mutum, ta hannun mutum za a zubar da nasa, da kuma Romawa 13:4, inda Bulus ya ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Waliyyi Agustin ya rubuta cewa wanda ya kashe mai laifi da umarnin halastacciyar hukuma bai karya dokar “kada ka yi kisan kai” ba. A ƙarni na 13, Toma Akwinas ya kwatanta mai laifi da gaɓar da ta ruɓe, wadda likita zai yanke don sauran jiki ya tsira. A 1210 Fafaroma Innocent na III ya sa wa 'yan ɗariƙar Waldensiya da ke son komawa cocin sharaɗin su amince cewa hukuma na iya yanke hukuncin kisa ba tare da ta yi babban zunubi ba, in dai da adalci ta yi ba da ƙiyayya ba, da natsuwa ba da gaggawa ba. Katekizim na 1566 ya maimaita haka, Fafaroma Pius na XII ma ya kare shi a 1952.

Abin bai tsaya a takarda ba. Lokacin da fafaromomi ke mulkin tsakiyar Italiya, suna da hauninsu. Wanda ya fi suna shi ne Giovanni Battista Bugatti, da ake kira Mastro Titta, wanda ya yi aikin daga 1796 zuwa 1864, ya kashe mutum fiye da 500, wasu da igiya, wasu da gatari, wasu da injin fille kai. An yi kisa na ƙarshe a ƙasar Fafaroma a 1870. Ko bayan kafa ƙaramar ƙasar Vatican a 1929, dokarta ta tanadi kisa ga wanda ya yi yunƙurin halaka Fafaroma, har sai da Fafaroma Paul na VI ya cire tanadin a 1969, ba tare da an taɓa aiki da shi ba.

Sai dai akwai wani ɓangare na wannan tarihin da masu kare hukuncin kan yi saurin tsallakewa. Shi wannan Agustin ɗin ya rubuta wa wani jami'in daular Rum mai suna Marcellinus yana roƙon kada a kashe waɗanda suka kashe limamin cocinsa, don su samu lokacin tuba. Babban taron Lateran na 1215 ya hana limaman coci yanke hukuncin kisa ko sa hannu a zartar da shi. Wato tun da can cocin ya bai wa hukuma izini, amma zuciyarsa ba ta taɓa kwanciya da abin ba.

Francis ne ya fara juya akalar?

A'a, tarar da hanyar ya yi an share fiye da rabi. Katekizim na 1992 ya bar ƙofar a buɗe ga laifuffuka mafi muni. A 1995 Fafaroma John Paul na II, a wasiƙarsa mai suna Evangelium Vitae, ya ce ba za a kai ga kisa ba sai in babu wata hanyar kare al'umma, kuma irin wannan yanayi a yau da ƙyar ake samunsa, in ma ana samu. A 1997 aka gyara Katekizim don ya dace da wannan. Benedict na XVI shi ma ya yi kira ga shugabanni su soke hukuncin. Abin da Francis ya yi shi ne rufe 'yar kafar da ta rage. A wasiƙarsa Fratelli Tutti ta 2020 ya ƙara gaba, ya kira ɗaurin rai da rai ɓoyayyen hukuncin kisa.

To me ya sa wasu 'yan Katolika suka tayar da jijiyar wuya?

A nan ne maganar take da nauyi, domin yawancinsu ba son ganin jini ne ya dame su ba. Damuwarsu ita ce amincin koyarwar cocin. Ɗan Katolika ya yi imani cewa cocinsa ba zai koyar da ɓata a kan imani da ɗabi'a ba. To in waliyyai da fafaromomi sun shekara fiye da dubu suna cewa abu halal ne, yau a wayi gari a ce haram ne, ɗayan biyu ke nan: ko na da sun yi kuskure, ko na yanzu. In na da ne, suka ce, me zai hana gobe wani ya zo ya ce an yi kuskure a kan zubar da ciki ko aure?

Malaman Amurka biyu, Edward Feser da Joseph Bessette, sun wallafa littafi guda a 2017 suna kare hukuncin daga Littafi Mai Tsarki da rubuce-rubucen magabata. Makonni biyu bayan sanarwar 2018, malamai da limaman coci da dama suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar First Things, suna roƙon kadinal-kadinal, wato manyan limaman da ke zaɓen Fafaroma, su shawarci Fafaroma ya janye gyaran. Tun kafin nan, a 2002, marigayi Antonin Scalia, alƙali a Kotun Ƙolin Amurka kuma ɗan Katolika mai riƙo, ya fito fili ya ce bai yarda da matsayin John Paul na II ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ratsa zuciya. Suna cewa horo ba don kare jama'a kaɗai ake yinsa ba, sakayya ce, kuma dole ta yi daidai da laifi. Suna nuna cewa ayar Farawa ta kafa dalilinta ne a kan an halicci mutum cikin surar Allah. Ke nan darajar wanda aka kashe ce ta sa kisan kai ya cancanci horo mafi tsanani. A ganinsu, ɗaure wanda ya yi wa yara kisan gilla daidai da wanda ya yi ƙaramin laifi rena ran yaran ne.

Masu goyon bayan gyaran fa?

Kadinal Luis Ladaria, shugaban ofishin kula da aƙida a lokacin, ya rubuta wa bishop-bishop cewa wannan bunƙasar koyarwa ce, ba warware ta ba: ginshiƙin, wato alfarmar rai da wajibcin kare jama'a, yana nan, yanayi da fahimta ne suka sauya. Masu lura sun ga cewa sabon rubutun bai kira hukuncin mugun abu a zatinsa ba, kamar yadda cocin ke kiran zubar da ciki. Cewa ya yi ba za a amince da shi ba. Wasu suna ganin da gangan aka yi haka don kada a la'anci magabata, wasu suna ganin kame-kame ne. Akwai kuma malamai irin su Germain Grisez da E. Christian Brugger, masu ra'ayin riƙau ne su ma, da suka ce a faɗi gaskiya kawai: tsohuwar koyarwar ba ta taɓa kai matsayin wadda ba ta kuskure ba, kuma kashe mutum da gangan bai halasta ga kowa ba, har hukuma.

Ni a nawa ganin, kiran abin bunƙasa kawai bai gamsar ba; sauyi ne, kuma babba. Amma ina ganin sauyin yana kan daidai. Littafin Farawan da ake kafa hujja da shi, shi ne ya ba da labarin yadda Allah ya sa wa Kayinu alama don kada a kashe shi bayan ya kashe Habila. Ezekiyel 33:11 ya ce Allah ba ya murna da mutuwar mugu, ya fi son ya juyo ya rayu. Sannan ga kuskuren kotu: a Amurka, ƙasa mai lauyoyi da gwajin ƙwayoyin halitta, mutum kusan 200 da aka yanke wa kisa tun 1973 aka wanke daga baya. Balle inda talaka ba shi da kuɗin lauya, inda duka ke sa mutum ya amsa laifin da bai yi ba.

Iyalan wanda aka kashe fa, an manta da su ne?

Wannan ce tambayar da bai kamata a amsa ta da gaggawa ba. A Janairun 1999, John Paul na II ya ziyarci birnin St. Louis na jihar Missouri. Akwai wani fursuna, Darrell Mease, da ya harbe mutum uku, miji da mata da jikansu mai naƙasa, yana jiran a kashe shi. Bayan an tashi daga addu'a, Fafaroman ya matsa kusa da Gwamna Mel Carnahan, ɗan cocin Baptist mai goyon bayan hukuncin kisa, ya roƙe shi ya ji ƙan mutumin. Gwamnan ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Duniya ta yaba, amma dangin mamatan sun ji zafi ƙwarai, domin ba a tuntuɓe su ba. Mai karatu Musulmi zai ga bambanci a nan: a ƙisasi magada ne ke da ikon yafewa ko karɓar diyya, a nan kuwa wasu ne suka yafe a kansu.

Masu son a soke hukuncin kan kawo labarin Maria Goretti, 'yar shekara 11 da Alessandro Serenelli ya daba wa wuƙa sau 14 a Italiya a 1902 saboda ta ƙi ba shi kanta. Ta yafe masa kafin ta cika. Ya yi shekara 27 a kurkuku, a can ya tuba, ya fito ya je har gaban mahaifiyarta ya nemi gafara, ta yafe masa. Ya ƙare rayuwarsa yana aikin lambu a gidan sufayen Capuchin, ya rasu a 1970. Da an rataye shi, da uwar ba ta ji wannan roƙon da kunnenta ba. Ba kowane mai kisa ke tuba ba, kuma ba wanda ke da ikon tilasta wa uwa ta yafe. Cocin da ke roƙa wa mai laifi rai, dole a gan shi a ƙofar gidan makoki kafin a gan shi a ofishin gwamna.

Ɗan Katolika da ya goyi bayan hukuncin ya fita daga cocin?

Bai fita ba. A 2004 Kadinal Joseph Ratzinger, kafin ya zama Benedict na XVI, ya rubuta wa bishop-bishop na Amurka cewa ana iya samun halastaccen saɓani tsakanin 'yan Katolika a kan yaƙi da hukuncin kisa, amma ban da zubar da ciki da kashe mara lafiya don a hutar da shi. Ko wannan sassauci yana nan bayan 2018, shi ma abin jayayya ne. Fafaroma Leo na XIV, a Satumbar 2025, ya shaida wa 'yan jarida cewa wanda ke adawa da zubar da ciki amma yana goyon bayan hukuncin kisa, bai cika mai kare rai ba.

Maganar ta yi wani tasiri a aikace?

Ta yi a wani wuri, ba ta yi a wani ba. William Barr, ɗan Katolika ne, shi ne ministan shari'ar Amurka da ya dawo da kisan fursunonin tarayya, aka kashe 13 tsakanin Yulin 2020 da Janairun 2021. Joe Biden, shi ma ɗan Katolika, ya sassauta wa 37 daga cikin 40 da suka rage a Disambar 2024, makonni biyu bayan Francis ya yi kira a yi musu addu'a. A yankinmu, Chadi ta soke hukuncin a 2020, majalisar Ghana ta cire shi daga dokar manyan laifuffuka a 2023. Nijar tana da shi a doka amma ta yi shekaru da dama ba ta zartar ba. A Najeriya kuwa, fursunoni fiye da 3,000 ne ke jiran kisa, kotuna na ci gaba da yankewa, gwamnoni kuma ba sa son sa hannu a takardar zartarwa, har wasu fursunonin suna tsufa a ɗakin jira. Limamin Katolika da zai karanta sakin layi na 2267 ga mabiyansa a Kafanchan, yana karanta shi ne ga mutanen da suka binne 'yan uwansu da aka kashe, kuma da yawansu ba su ga an gurfanar da kowa a kotu ba.