Waiwaye: yadda dokar ruwa ta Kabawa ta zama bikin Argungu

Wanda ya san Argungu ta talabijin kaɗai, sa'a guda ya sani: a harba bindiga, dubban masunta su ruga cikin Matan Fada da gora da homa, ruwa ya koma taɓo, a fito da giwan ruwa a ɗora a sikeli. Abin da kyamara ba ta ɗauka shi ne sauran watannin shekara, lokacin da wannan yanki na gulbi yake a rufe, ba mai jefa ƙugiya ko taru a cikinsa. Kalmar al'ada daga Larabci take, ma'anarta abin da aka saba ana maimaitawa. A ƙasar Kabi, abin da aka maimaita har ya zama doka shi ne sanin ranar da ake shiga ruwa da ranar da ake barinsa ya huta.

Dalilin dokar yana cikin rayuwar kifin kansa. Da damina, gulbin Sakkwato da na Rima kan cika su malale fadama. Kifi ya bi ruwan ya shiga ciyawa ya zuba ƙwai, 'ya'yan su girma inda abinci ya yawaita kuma manya ba su cika kai musu ba. Idan kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, tarwaɗa da karfasa da balli da giwan ruwa su komo cikin gurabu masu zurfi. Zuwa Fabrairu ko Maris ruwa ya yi ƙasa sosai, kifi ya taru wuri guda. Mutum ɗaya mai taru, in aka bar shi, zai iya kwashe gurbi cikin 'yan darare, har da iyayen da za su haihu baɗi. Shi ya sa magabata suka mayar da manyan gurabu na kowa da kowa, ba a taɓa su sai ranar kamun kifi, ranar da gari duka zai shiga tare.

Masu tsare wannan doka suna da sarauta. Sarkin Ruwa ne mai kula da lafiyar gulbi, Homa kuma shugaban masunta. Kafin a fara su akan yi gyaran ruwa, wato roƙon tsari daga kada da sauran abin da ake tsoro a ruwa, wanda a da ya haɗa da yanka. Bayansa sai fashin ruwa, buɗe kamun kifi na shekara. A tudu kuma akwai irin waɗannan al'adu, gyaran gari da shan kabewa. Musulunci ya rage wasu abubuwan, addu'a ta shiga gurbinsu, amma ikon cewa "yau an buɗe" bai bar hannun Sarkin Ruwa ba.

Kayan aikin ma dokar ce ta zaɓe su. Homa raga ce da aka ɗaure a jikin lanƙwasasshen itace, masunci ya riƙe guda a kowane hannu, ya nutsa, ya haɗa bakunansu a kan kifi. Gora kuwa babbar duma ce mai baki a sama, a kanta yake kwanciya da ciki yana tuƙi da ƙafa, a cikinta yake jefa ƙananan da ya kama. Babban kifi sai an zura masa igiya ta baki, sau da yawa sai mutum biyu ko uku sun taru a kansa. Makaɗa na bin ruwa a kwalekwale, ana kaɗa goruna masu tsakuwa don a firgita kifi ya fito daga zurfi. Da irin wannan kaya, komai yawan jama'a, wani kifin zai tsira. Wanda ya taɓa ganin taru mai ƙananan idanu ya share gurbi zai gane bambancin.

Yadda su ya koma biki kuwa labarin siyasa ne. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Songhai, ya zauna Surame. A 1805 Birnin Kabi ya faɗa hannun masu jihadi, daga baya Argungu ta zama mazaunin sarakunan Kabi. A 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar tawaye, kuma daga nan ba a daina kai wa juna hari da Sakkwato da Gwandu ba har zuwan Turawa. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa su don karrama baƙo da abin da Kabawa suka fi gwaninta a kai. Daga wannan shekara ake ƙirga bikin. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugaban Nijar Diori Hamani, gwamnati ta shigo da ƙarfinta, aka ƙara baje kolin amfanin gona da kokawa da dambe. Wasannin kabanci, irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da lalube da hannu, sun samu filinsu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ake gado.

Shigowar kyauta mai tsoka ta zo da nata. A da kifin da ka kama shi ne rabonka, a kai gida, a raba wa dangi, a kyafe saura. Da aka fara sa mota da kujerar Makka da miliyoyi, sai hankali ya koma kan kifi ɗaya tak. Wanda ya ci a 2005 ya kai kilo 75. A 2008 sai da aka ƙwace kambu bayan an gano cewa kifin da ya zo na ɗaya ya daɗe da mutuwa, daga wani wuri aka shigo da shi. Masunta ne suka fara tona asirin, don wanda ya tashi a bakin gulbi ba ya kasa bambanta kifin da ya mutu yanzu da wanda ya kwana.

Babbar matsalar dai daga sama take gangarowa. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978, da ta Goronyo a kan Rima, sun rage ambaliyar da ke shayar da fadama. Idan ruwa bai malale da faɗi ba, ko ya janye da wuri, 'ya'yan kifi ba su samun watannin girma. Yashi kuma na cike gurabu, ga babban giwan ruwa ya fi son ruwa mai zurfi. A 2006 ƙarancin ruwa ya sa aka hana kamun kifin a bikin. Ƙari a kan haka akwai masu zuba guba irin Gamalin, wadda ke kashe babba da ƙarami, ta kuma cutar da mai ci. Sarkin Ruwa na iya hana mutumin Argungu shiga Matan Fada, amma ba shi da iko a kan wanda ke buɗe ƙofar dam a wata jiha.

Bikin ya tsaya kusan shekara goma, galibi saboda rashin tsaro, kafin a dawo da shi a Maris na 2020 zamanin Sarkin Kabi Sama'ila Muhammadu Mera. Kifin da ya ci a wannan shekara kilo 78 ne. Mai son ganin tsofaffin kayan su da makaman yaƙin Kabawa sai ya leƙa gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar wurin ajiya a 1958, inda kuma ake binne sarakunan Kabi.