Waiwaye: Tsilar Alade da Farfaɗiya a Ƙauyukan Makiyaya

A farkon shekarun 1970, asibitin garin Enarotali da ke tsaunukan Papua, a ƙasar Indonusiya, ya fara cika da mutanen da wuta ta yi wa mummunar ƙuna. Mutanen yankin, ƙabilar Ekari, kusa da murhu suke kwana saboda sanyin tsauni, kuma haka suka gada kaka da kakanni ba tare da irin wannan masifa ba. Da aka bi diddigi sai aka gano farfaɗiya ce ke kama su cikin dare, su auka cikin wuta. Kafin nan ba da jimawa ba, an shigo da aladu yankin daga tsibirin Bali, kuma cikin naman aladun ne tsilar da masana ke kira Taenia solium ta shigo.

Tsila ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, amma wadda muka fi sani ta naman shanu ce, wadda ake ɗauka daga tsire ko balangun da bai gasu ba. Ita wannan iyakarta hanji. Ta alade kuwa tana da fuska biyu, kuma rashin bambance su shi ne babban kuskuren da har yanzu ake yi.

Fuska ta farko: mutum ya ci naman alade mai ɗauke da 'ya'yan tsila, wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu ruwa-ruwa, farare kamar ƙwayar shinkafa, naman kuma bai dahu ba. Cikin wata 2 zuwa 3 tsila ta girma a hanjinsa, tsawonta ya kai mita 2 zuwa 4, wani lokaci ya wuce. Sau da yawa mai ita bai ma san yana da ita ba. Gaɓoɓinta suna guntulewa su fita da bayan gida, kowace gaɓa ɗauke da ƙwai dubu 30 zuwa 50, waɗanda ido ba ya gani, kuma suna iya yin watanni a ƙasa mai danshi ba su mutu ba. Alade mai yawo ya ci kashin, ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinsa, 'ya'yan su huda hanji su bi jini su zauna a tsoka, harshe da zuciya. Shi ke nan, zagaye ya cika.

Fuska ta biyu ita ce mai haɗari. Idan mutum ne ya haɗiyi ƙwan, ta hannun da ba a wanke ba bayan an fito daga masai, ko ruwan rijiyar da kwata ta malala ciki, ko latas da kabejin da aka yi wa taki da kashin mutane, to jikinsa ya zama kamar na aladen. 'Ya'yan tsilar sukan zauna a ƙarƙashin fata, a tsoka, a ido, ko a ƙwaƙwalwa. Don haka ciwon ƙwaƙwalwar daga kashin mai tsila yake zuwa, kuma wanda bai taɓa ɗanɗana alade ba a rayuwarsa yana iya kamuwa.

An daɗe da sanin naman alade mai ƙwayoyi. Tun zamanin tsohuwar Girka, masani Aristotal ya kwatanta su da ƙanƙarar ruwan sama, kuma mutanen lokacin suna duba ƙarƙashin harshen alade, dabarar da dillalai ke yi har gobe. A 1558 wani likita mai suna Rumler ya ga irin ƙulle-ƙullen a cikin kan wani mai farfaɗiya da ya mutu, amma ba wanda ya danganta su da doguwar tsutsar hanji. Sai a 1855 likitan Jamus Friedrich Küchenmeister ya tabbatar da alaƙar, ta hanyar da yau ba wanda zai yarda da ita: ya sa 'ya'yan tsilar a abincin wani fursuna da aka yanke wa hukuncin kisa, bayan an kashe shi aka buɗe hanjinsa aka tarar da ƙananan tsiloli sun fara kamawa.

Darasi mafi amfani ga likitoci ya fito ne daga sojojin Birtaniya da suka yi aiki a Indiya. Tun shekarun 1930 aka lura da wasunsu suna fara farfaɗiya bayan sun koma gida, a ƙasar da cutar ba ta yawo. A 1961 wasu masu bincike, Dixon da Lipscomb, suka buga nazarin mutum 450 daga cikinsu. Tunda an san lokacin da kowa ya baro Indiya, sai aka iya lissafa tsawon ɓoyon cutar: kimanin shekara 5 a mafi yawa, wasu kuma har shekara 30.

Dalilin jinkirin yana cikin halin tsutsar. Muddin tana raye cikin jakarta, tana kare kanta daga garkuwar jiki, ƙwaƙwalwa kuma ta zauna da ita lafiya. Ranar da ta fara mutuwa, jiki ya far mata, wurin ya kumbura, kumburin ya rikita saƙonnin ƙwaƙwalwa, sai jijjiga da faɗuwa. Daga baya ragowar ta ƙanƙance ta sandare kamar tsakuwa, kuma wannan tabon ma yana iya ci gaba da tayar da farfaɗiya shekara da shekaru. Idan kuwa 'ya'yan tsilar suka faɗa kogunan da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi, sukan toshe hanya, ruwa ya taru, sai ciwon kai mai tsanani, amai da dishin gani. Wannan nau'in shi ya fi kisa.

Kafin zuwan na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta CT a shekarun 1970, galibi sai bayan mutuwa ake gane cutar. Da na'urar ta samu, likitoci a Meziko, Peru, Brazil da Indiya suka ga cewa ɗimbin manyan da farfaɗiya ta fara kamawa da girmansu tsila ce sila. A Meziko aka fara gwada maganin firazikwantel a kan cutar a 1979, albendazol ya biyo baya a 1987. A 1992 kuma aka buga rahoton mutum 4 daga iyalan Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin New York, waɗanda ba sa cin alade, amma aka same su da cutar a ƙwaƙwalwa. Bincike ya nuna hanyar ita ce masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen Latin Amurka inda tsilar ta yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2010, kuma ƙiyasinta shi ne a inda tsilar ke yawo, kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya ita ce ta jawo musu.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ana kiwon alade a Kudancin Kaduna, Filato, Zuru, sassan Adamawa da Taraba, da Arewa Mai Nisa ta Kamaru, mafi yawa kiwon saki, a ƙauyukan da yin bahaya a daji bai kau ba. Wani bincike da aka buga a 2010 kan aladun Zuru ya sami ƙwayoyin a kusan alade 1 cikin 7 da aka duba bayan yanka. Kasuwa ɗaya ake ci, rafi ɗaya ake sha, mai abincin sayarwa kuma ba ta tambayar addinin mai saye. Abin takaici, mai farfaɗiya a wuraren nan yakan shafe shekaru ana kai shi wajen masu cire iska, ana gudun yawunsa, alhali yawu ba ya yaɗa farfaɗiya.

Wajen magani, gaggawa tana da illa. Abu na farko shi ne tsayar da faɗuwar da maganin farfaɗiya, a sha kullum ba fashi. Maganin kashe tsutsar sai bayan hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI ya nuna tana raye, an kuma duba ido an tabbatar babu ita a ciki, domin mutuwarta a ido na iya makantarwa. Ana ba da albendazol miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, tsawon kwana 10 zuwa 14, a haɗa da firazikwantel idan masu ran sun wuce 2, kuma dole a fara da maganin rage kumburi, in ba haka ba mutuwar tsutsotsin lokaci guda za ta tsananta ciwon. Idan duk sun sandare, maganin tsutsa ba shi da sauran amfani. Masu rabon firazikwantel na tsargiya a makarantu ma su kula: a ƙauyen kiwon alade, yaron da ke da tarihin farfaɗiya ko ƙulle-ƙulle a ƙarƙashin fata likita ya kamata ya fara gani.

A ɓangaren alade, duban harshe yana kama wanda ƙwayoyi suka yi wa yawa ne kawai, mai kaɗan yakan wuce. Wanda aka kama ɗin ma ba kasafai ake zubar da shi ba; mai shi yakan koma da shi gida ya yanka ya sayar da araha, nesa da idon duba-gari. Daɗin abin, akwai mafita da ba ta jawo wa makiyayi asara. Maganin tsutsa oksifendazol, miligiram 30 ga kowane kilo na nauyin alade, sau ɗaya tak, yana kashe ƙwayoyin da ke cikin tsoka, sai dai a jira aƙalla kwana 21 kafin yanka, kuma naman yakan ɗauki kimanin wata 3 kafin tabon ya washe. Allurar rigakafin TSOL18, wadda Marshall Lightowlers da abokan aikinsa suka samar a Jami'ar Melbourne, a Mayo-Danay ta Kamaru aka gwada ta a ƙauyuka. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna ba a sami mai cutar ko ɗaya ba cikin aladun da aka yi wa allurar haɗe da maganin, yayin da kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa allurar ba suka kamu. Tun 2016 wani kamfani a Indiya ke sarrafa ta da sunan Cysvax.

A yankin Tumbes na Peru an haɗa komai wuri guda: maganin tsila ga jama'a zagaye-zagaye, magani da rigakafi ga aladu. Rahoton 2016 ya ce yaɗuwar ta tsaya a ƙauyuka 105 cikin 107. Sai dai mai tsila ɗaya da ya shigo daga wani gari ya isa ya dawo da ita, muddin alade na iya kai bakinsa ga kashin mutum. Shi ya sa masai mai murfi da ƙofa wanda yara ma ke amfani da shi, garke mai kyau, wanke hannu da sabulu, da dafa nama har zafin tsakiyarsa ya kai aƙalla digiri 63, babu sauran ja a ciki, suke cikin kowane shiri da ake so ya ɗore.