Na'urorin saukowa da igiya ga masu koyon hawan bishiya

Na'urar saukowa ita ce abin da mai hawan bishiya ke maƙalawa tsakanin ɗamarar da ke ƙugunsa da igiya, domin ya sauko a hankali, ya kuma tsaya a duk inda ya ga dama. Wata ƙarfe ce da aka ƙera a masana'anta, wata kuwa ƙulli ne kawai da mutum ke ɗaurawa da hannunsa. Ko wace iri ce, tana matse igiyar ko ta lanƙwasa ta, gogayyar da ta taso ta riƙe nauyin mutum.

Masu gyaran bishiya a Turai da Amurka, da masu hawa don nishaɗi, buƙatarsu ta sha bamban da ta masu hawan dutse. Mai dutse yakan sauko sau ɗaya ne idan ya gama. Mai bishiya yana hawa mita biyu, ya sauko ɗaya, ya taka reshe zuwa bakinsa, ya saki hannu biyu ya yi aiki. Saboda haka abubuwa biyu ake fara dubawa a na'urar ɗan koyo: ta cije igiya da kanta idan an sake ta, kuma a iya hawa da saukowa da ita ba tare da an kwance ta an sauya wata ba.

Tsarin igiya shi ke zaɓar na'ura

Kafin a yi maganar ƙarfe, sai an san yadda igiyar ta rataya. Tsari na farko shi ne igiya ninki biyu, wanda littattafan sana'ar ke taƙaitawa da haruffan MRS ko DdRT. Ana tsallaka igiyar ta gwafar reshe, a ɗaure baki ɗaya a ɗamara, a sa ƙulli ko na'ura a ɗaya ɓangaren. Igiyar tana tafiya a kan reshen yayin da mutum ke motsi. Nauyi ya rabu biyu, don haka mai kilo 80 bai ɗora wa ƙullinsa fiye da kimanin kilo 40 ba, gogayyar reshen ma ta rage wani abu. Farashin wannan sauƙi shi ne tsawon igiya: kowace mita ɗaya ta saukowa tana cin mita biyu na igiya. Reshen da ke mita 18 daga ƙasa yana buƙatar mita 36 kafin a yi maganar rara, shi ya sa igiyoyin sana'ar suka fi zuwa a mita 45 ko 60.

Tsari na biyu, SRS ko SRT, igiya ce tilo da aka kafe a sama ko a gindin bishiyar, ba ta motsi. Hawa ya fi sauri, amma nauyin mutum gaba ɗaya yana kan na'urar. Ƙullin da ke zamewa lafiya a tsarin farko, a nan sai ya cije ya ƙi sakewa, in an matsa masa kuma ya saki lokaci guda. Wani abin lura: idan an kafe igiyar a gindi ta bi ta kan reshe, reshen yana ɗaukar abin da zai iya kaiwa ninki biyu na nauyin mai hawa.

Ga ɗan koyo, tsarin ninki biyu ya fi dacewa, domin saukowa a cikinsa ba ta buƙatar sauya komai. Ƙungiyar Tree Climbers International, wadda Peter Jenkins ya kafa a Atlanta a 1983, da shi take fara koyar da masu hawa don nishaɗi.

Ƙullin riƙo

Mafi arha kuma mafi koyarwa shi ne ƙullin Blake. Heinz Prohaska ɗan Ostiriya ya nuna shi tun 1981, amma Jason Blake ne ya yaɗa shi tsakanin masu aikin bishiya a Amurka a 1994, sunan ya bi shi. Ana ɗaura shi da bakin igiyar hawan kanta ko da wani guntun igiya mai kauri ɗaya da ita. Ana naɗa zagaye huɗu zuwa sama, a dawo da bakin a cusa shi ta cikin zagaye biyun ƙasa, a gyara shi ya zauna daidai, sannan a yi ƙullin tsayawa a wutsiyar don kada ta sulale. Matakin cusawar nan ne ke kashe mutane: idan wutsiyar ta bi ta ɓangaren da ba daidai ba na igiyar, ƙullin yana kama da na gaskiya a ido amma ba ya riƙewa. Wannan dalili ne ya sa ba a koyon sa daga hoto. Sai wanda ya iya ya duba, kuma a zauna a kansa ƙafa na taɓa ƙasa kafin a tashi.

Saukowa da shi ana yin ta ne da yatsu biyu ko uku a saman ƙullin, a ja shi ƙasa kaɗan, ɗaya hannun yana riƙe da igiyar da ke ƙasa. An saki, ya cije. Ya fi jituwa da igiya mai kauri da laushi, irin mai silin zare 16 a saƙarta, mai kaurin milimita 12.7. Aibunsa shi ne yana ƙara matsewa idan an daɗe a kansa, kuma hawa da shi na gajiyar da damtse.

Mataki na gaba shi ne ƙullin da ake yi da siririyar igiya ta musamman mai ido a kowane baki, kaurinta milimita 8 zuwa 10, tsawonta galibi santimita 70 zuwa 85. Daga cikinsu akwai Prusik, wanda Karl Prusik ya fito da shi a 1931, da Distel, da Schwabisch, da VT. Ana sa ƙaramin fuli, wato 'yar taya mai juyawa da igiya ke bi ta kanta, a ƙarƙashin ƙullin domin ya tura shi sama idan an ja igiya da hannu ɗaya. Hitch Climber na kamfanin DMM shi ne ya fi shahara. Distel yana cijewa ba gardama, don haka ya dace da mai koyo. VT ya fi kowanne santsin aiki, amma idan zagayen suka saki jiki yana iya ƙin kamawa, sai a bar shi ga wanda hannunsa ya faɗa. Yawan zagaye ba doka ɗaya ba ce: ya dogara da nauyin mutum, da kaurin igiyoyin biyu, da sabuntar su. Sabuwar igiya tana da santsi, takan nemi ƙarin zagaye ɗaya.

Zafi shi ne babban maƙiyin ƙulli. Zaren foliyesta yana narkewa wajen digiri 250 na ma'aunin Selsiyos, zaren Dyneema kuwa tun wajen 145, don haka bai dace da wurin gogayya ba duk da ƙarfinsa. Ana saƙa rigar siririyar igiyar da zare mai jure zafi irin Technora, wanda ba ya narkewa sai dai ya lalace wajen digiri 500. Amma ita igiyar hawan foliyesta ce, saukowa da gudu na iya ƙona rigarta ta yi ƙyalli ta taurare.

Na'urorin ƙarfe na sana'ar

An ƙera wasu na'urori da ke kwaikwayon ƙulli. ZigZag na kamfanin Petzl na Faransa, wanda ya fito a 2013, sarƙar ƙarfe ce da ke matse igiya idan ta miƙe, ta saki idan an danna samanta. An yi shi don igiya ninki biyu mai kaurin milimita 11.5 zuwa 13, iyakar nauyinsa kilo 140, kuma ba a ɗora shi a igiya tilo sai an haɗa da wani birki mai suna Chicane. Kamfanin ART na Jamus yana da Lockjack da Spiderjack. A ɓangaren igiya tilo akwai Rope Wrench, wanda Kevin Bingham na Detroit ya ƙirƙira: ana sa shi a saman ƙulli, ya lanƙwasa igiyar ya ɗauke wani kaso na nauyin, ƙullin ya sami damar zamewa. Shi kaɗai ba ya riƙe mutum, ƙullin ne mai riƙon rai. Rope Runner da Akimbo da Unicender na aiki ba ƙulli, wasunsu kuma sai an saita matsinsu daidai da igiya da nauyin mai hawa.

Waɗannan sun fi ƙulli daidaito, ba sa sauya hali tsakanin safe da yamma. Amma tazarar da ke tsakanin tsayawa cak da sakin gaba ɗaya a wasunsu 'yar kaɗan ce, kuma reshen da ya danne saman na'urar yana iya buɗe ta kamar yadda hannu zai yi. Wanda ya fara da su bai iya ƙulli ba, ranar da na'urar ta cushe da danƙon bishiya a sama ba shi da hanyar saukowa.

Na'urorin da aka aro daga wasu fannoni

Ƙarfe mai siffar lamba 8 yana da arha, shi ya sa masu koyo ke yawan saye. Bai cika ko ɗaya daga sharuɗɗan nan biyu ba: idan hannu ya saki, mutum ya tafi, kuma ba a hawa da shi. Yana murɗe igiya, wanda ba shi da kunnuwa kuma igiyar na iya zamewa sama ta ƙulle shi a tsakiyar hanya. Amfaninsa a bishiya shi ne doguwar saukowa a ƙarshen aiki, tare da ƙulli a matsayin mataimaki. GriGri an yi shi ne don tsaron mai hawan dutse da igiyar milimita 8.5 zuwa 11, yawancin igiyoyin bishiya sun fi ƙarfin bakinsa. I'D S, na masu aiki a jikin dogayen gine-gine, yana karɓar milimita 10 zuwa 11.5, kuma yana kulle kansa idan an ja mariƙinsa fiye da kima. Wannan kariya ce ta gaske a saukowa miƙe, sai dai yana da nauyi, kuma takawa zuwa bakin reshe da shi akwai wahala.

Abin da ake dubawa kafin saye

A jikin kowace na'ura ta gaskiya an buga kaurin igiyar da take karɓa, da lambar ƙa'ida, da lambar shaidarta. Igiyar da ta yi siriri tana zamewa, wadda ta yi kauri tana cushewa, rabin milimita ma yana sauya halin na'ura. A Turai igiyar hawa tana bin ƙa'idar EN 1891 nau'in A, mai jure aƙalla kilonyutan 22 (kilonyutan ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne), ƙugiyoyin ƙarfe masu ƙofa da ke haɗa na'ura da ɗamara kuma EN 362. A Amurka ƙa'idar ANSI Z133 ta nemi igiya mai jure fam 5,400, da ƙugiya mai jure fam 5,000 wadda ƙofarta ke rufe kanta ta kuma kulle kanta. Igiyar roba ta ɗaure kaya ko ta guga ba ta shiga wannan lissafi ko kusa. Kayan jabu da ake tallatawa a intanet su ma sukan ɗauki hatimin da ba nasu ba, don haka na'urar da ta zo ba takardar bayani ba lambar shaida, a bar ta.

Inda ake samun haɗari

Mutumin da ya tsorata yakan damƙe abin da ke gabansa, abin da ke gabansa kuwa shi ne ƙulli ko na'ura, damƙar ita ce ke buɗe su. Ana maganin wannan da maimaici a ƙasa da mita biyu, har sakin hannu ya zama ɗabi'a. Wasu malamai kan ɗaura ƙulle-ƙullen da ke warwarewa da ja ɗaya a igiyar da ke ƙarƙashin ɗalibi, kowane 'yan mitoci, don ko ya zame ba zai yi nisa ba.

Na biyu shi ne ƙarewar igiya. Yakan faru idan an ɗaga maratayin zuwa reshe mafi tsawo an manta da lissafin ninki biyu. Ƙullin tsayawa a bakin igiya shi ke tare mutum. Gashi, da gemu, da bakin safar hannu, da igiyar hular kwano na iya shigewa cikin na'ura. Ƙugiyar da ta juya nauyi ya hau ƙofarta tana rasa fiye da rabin ƙarfinta. Jiƙaƙƙiyar igiya da mai danƙo suna sauya yadda ake cijewa, ƙura da yashi kuma suna cin ƙarfe kamar gugar zarto. Duk lokacin da za a kwance na'ura a sama ko a yi yanka, sai an fara ɗaure jiki da gajeriyar igiyar ƙugu a wani wuri dabam, a kuma ɗora wa sabon tsarin nauyi kafin a cire tsohon.

Ana duba na'ura kafin kowane hawa: tsagewa, kaifin baki inda igiya ta ci ƙarfe, sifirin da ya mutu, fulin da ba ya juyawa. Siririyar igiyar ƙulli takan riga komai tsufa, ana sauya ta da zarar ta taurare ko ɓargonta ya leƙo. A Biritaniya dokar LOLER ta 1998 ta wajabta wa masu sana'ar cikakken binciken duk kayan da ke ɗaukar mutum kowane wata shida, a hannun wanda ya ƙware, a kuma rubuta sakamakon.